A ƙirga buhu kafin a ba da makulli

In ƙauye ya naɗa mai tsaron bankin cimaka, sai an ƙirga buhunan hatsi gaban jama'a kafin a ba shi makulli. Ran da zai sauka, a sake ƙirgawa. Haka ya kamata a yi ma duk wanda aka zaɓa.

Tsarin mulkin Nijar na 2010 ya tanadi haka. Cikin awa 48 bayan rantsuwa, shugaban ƙasa ya rubuta dukiyarshi duka, ya kai ma Kotun Tsarin Mulki. Ministoci kwana 7 aka ba su. Kowace shekara a sake, a buga cikin jarida. In dukiya ta ƙaru, mai ita ya faɗi inda ta fito. An dakatar da wannan tsarin mulki cikin Yuli 2023, amma dabarar ba ta tsufa ba.

Ɗan takarar da ya raba sabulu da gishiri da ƴan jikkuna, ba kyauta ya yi ba. In ya hau kujera, daga kuɗin rijiya da lakwal da likita zai fanshe.

Saboda haka, manomi da makiyayi su tambayi mai neman ƙuri'a: mi ya mallaka yau? Wa ya ba shi kuɗin da yake rabawa?