Wane Ne Dangin Likita?

Mu da aka ɗora wa riƙon alƙalami a zauren dattawa, akwai maganganun da muke rubutawa mu rufe littafi mu manta, akwai kuma waɗanda suke biyo mu har gida. Rigimar iyakar hawasha, ko ta rabon ruwan tur'a, ko ta shanun da suka yi ɓarna, duk akan kashe su kafin la'asar. Maganar mutuwa a asibiti kuwa ba ta ƙarewa a zama ɗaya, kuma ko ta ƙare a takarda, ba ta ƙarewa a zukata.

Kafin yaƙi, a wata damina, aka kawo mana maganar wata 'yarmu da ta rasu bayan an yi mata aiki an ciro jariri, a wani asibiti na yankinmu. Jini ya ɓalle mata cikin dare, asibitin kuma ba shi da jinin da za a ƙara mata. Kafin hantsi 'yan'uwan mijinta sun buɗe balagi wurin 'yan sanda, samari kuma sun taru a ƙofar asibitin da sanduna, sai da dattijonmu ya aika aka janyo su. Bayan an yi sadakar uku, likitan ya zo zaure da ƙafarsa, shi da wani abokin aikinsa. Matashi ne. Ya zauna a bakin tabarma, aka miƙa masa shayi, ya riƙe kofin har ya huce bai kurɓa ba.

Dattijo ya ce masa, "Ɗana, faɗa mana abin da ya faru. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Ya faɗa. Shi kaɗai ne likita a wurin tun safe. Wuta ta ɗauke yana tsakiyar ɗinki, aka haska masa da fitilar waya. Da ya gama sai aka kawo wani yaro yana jijjiga, ya tafi kansa, bai dawo ya duba matar ba sai bayan lokacin da ya kamata. Sa'an nan ya ce, "Baba, da na dawo da wuri, wataƙila da ta rayu, wataƙila kuma da ba ta rayu ba. Allah ne masani. Amma tun daren nan ban runtsa ba."

An yi watanni ana kai da kawo tsakanin niyaba da zaure, har ajawid suka yi judiyya, aka sasanta, aka janye ƙara. Mu muka rubuta takardar sulhun, muka ɗauka magana ta mutu. Ashe abin da zai biyo baya ne ya fi shafar mu. Likitan nan, wanda a da yakan yi aiki tsakar dare ba tare da jiran kowa ba, ya daina taɓa wuƙa. Duk macen da haihuwarta ta ɗan yi gardama, sai ya rubuta mata takardar tahawili zuwa Sinnar. Wanda ya san hanyoyin ƙauyukanmu da damina, yadda baƙar ƙasar nan take zama kwaɓaɓɓiyar laka ta riƙe mota, ya san abin da wannan takarda take nufi ga mai naƙuda. Shekara ba ta zagayo ba sai muka ji ya sami aiki a Saudiyya.

Ba mu kawo labarinsa don mu wanke shi ba. Ya makara, shi ma bai musa ba. Mun kawo shi ne domin ba kasafai muke tambayar abin da ke samun likita bayan an tuhume shi ba, alhali kuwa abin da ya same shi a kanmu yake ƙarewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Likitan da aka taɓa kai wa ƙara yakan koyi kare kansa kafin ya kare majiyyaci: ya tura abin da zai iya yi zuwa wani gari, ya rubuta gwaje-gwajen da bai buƙata don kada a ce bai bincika ba, ya rage magana da dangi don kada a riƙe shi da kalmarsa. Kuɗin gwajin nan daga aljihun manomi yake fita. In abin ya ishe shi, ya tattara ya tafi, domin shi yana da inda za a karɓe shi hannu biyu, mu kuwa ba mu da wani likitan a ajiye.

Kada a zaci wannan rauni ne na likitocinmu kaɗai. A Amurka, inda kai likita kotu ya zama ruwan dare, mujallar New England Journal of Medicine ta buga wani bincike a 2011 da ya bi bayanan likitoci sama da dubu 40. An ƙiyasta cewa kafin su kai shekara 65, kashi 99 cikin ɗari na masu fannoni masu haɗari, irin su tiyatar ƙwaƙwalwa, za su fuskanci ƙara, a fannoni masu sauƙin haɗari kuma kashi 75. Amma kashi 78 na ƙararrakin sun ƙare ba a biya ko kwabo ba. Can akwai kamfanin inshora mai biya, akwai lauya mai tsayawa, duk da haka tsoron bai bar su ba, domin abin da ke cin likita ba kuɗin ba ne kawai. Sunansa ne, da shakkar da ke shigar masa game da hannunsa. Tun a shekarar 2000 wani likita mai suna Albert Wu ya ja hankalin 'yan'uwansa cewa kowane kuskure yana barin majinyata biyu, na kan gado da wanda ya yi kuskuren, kuma na biyun ba mai duba shi.

Wadda ta fi tsaya mana a rai ita ce Dakta Hadiza Bawa-Garba, 'yar asalin Najeriya, mai suna irin na 'ya'yanmu. A Fabrairun 2011 wani yaro ɗan shekara 6 ya rasu a hannunta a asibitin Lesta da ke Ingila. Ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, tana riƙe da aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kwamfutar da ke kawo sakamakon gwaji kuma ta lalace na sa'o'i. Ta yi kurakurai, babu musu, kuma iyayen yaron suna da haƙƙin neman adalci. A 2015 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, ta yanke mata ɗaurin shekara biyu na jingine. A Janairun 2018 aka soke sunanta daga rajistar likitoci. Sai likitocin ƙasar suka tashi, suka haɗa kuɗi sama da fam dubu 300 na Ingila don ta ɗaukaka ƙara, suna cewa kowanensu yana aiki cikin irin wannan ƙarancin, kuma abin da ya same ta yana iya samun kowa. A Agustan 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar mata da sunanta, daga baya ta koma bakin aiki. Da muka karanta wannan, abin da ya faɗo mana shi ne: ai waɗannan sun tsaya mata tsayuwar aƙila, ko da ba su san kalmar ba.

Wanda ya zauna gaban malam ya san cewa fiƙihu bai bar wannan babi a buɗe ba. Malamai sun raba tsakanin mutum biyu. Akwai wanda ya shiga magani alhali ba a san shi da iliminsa ba. Wannan, bisa hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, lamunin abin da ya ɓata yana wuyansa. A nan ya kamata mu dubi masu allura a bayan kanti da masu yankan beli da kaciya ba horo, waɗanda ba mu taɓa jin an buɗe wa ɗayansu balagi ba. Akwai kuma gwani wanda aka yi wa izini, ya yi aiki bisa ƙa'ida; in mara lafiya ya mutu ba tare da hannunsa ya ƙetare iyaka ba, babu komai a kansa. In kuwa hannunsa ya kuskure, Ibn Rushd ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa diyya ta wajaba, kuma a wurin mafi yawan malamai aƙilarsa ce za ta ɗauka, wato danginsa na wajen uba, a rarraba cikin shekara uku. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya mayar da wannan nauyi kan mutanen diwani, waɗanda rajistar albashi ɗaya ta haɗa. Hikimar a fili take. Ba a zubar da jinin mamaci a banza ba, ba a kuma murƙushe mai kuskure shi kaɗai ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne dokar ƙasar nan ta bi wannan sawu. Dokar laifuffuka ta 1991, a sashe na 132, ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara uku ba a kan kisan kuskure, ba tare da ta taɓa haƙƙin diyya ba. A sashe na 45 kuma ta faɗaɗa ma'anar aƙila: ta haɗa da dangi, ko kamfanin inshora, ko hukumar da mutum yake yi wa aiki in laifin ya auku cikin aikin. Ke nan likitan gwamnati yana da aƙila a shari'a, ita ce hukumar da ta ajiye shi a ɗakin tiyata ba jini, ba wuta, ba mataimaki. A 2016 Shugaban Alƙalai ya ɗaga cikakkiyar diyya daga fam dubu 30 zuwa dubu 330, kuɗin da ƙaramin likita ba zai tara daga albashinsa ba ko ya shekara nawa, kafin faɗuwar fam ta cinye adadin. Amma mu, idan abu ya faru, wanda idonmu ya gani shi muke kamawa. Hukuma ba ta da kwalar riga.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, hanya biyu kawai muka iya. Ko mu ce ƙaddara ce, mu binne, mu yi shiru, ko da an yi sakacin da makaho ma zai gani. Ko mu ɗauki sanda. Ta farko tana barin mai sakaci ya maimaita a kan 'yar wani. Imani da ƙaddara bai taɓa soke diyya ba, in ba haka ba da ba a saukar da hukuncinta ba. Ta biyu kuwa ta riga ta jawo wa ƙasar nan abin da ta jawo. Dukan likitoci a ɗakunan gaggawa yana cikin abin da ya haddasa babban yajin aikinsu na Oktoban 2016, kuma shi ya sa aka kafa dokar kare likitoci da ma'aikatan lafiya a Mayun 2020, mai ɗaurin shekaru. Saurayin da ya ɗaga hannu a asibiti yau, shi zai kwana a kurkuku, haƙƙin 'yar'uwarsa kuma ya bi ruwa.

Akwai wani miki namu na daban, wanda ba za mu ɓoye ba. Duk lokacin da namu ya mutu a hannun likitan da ba namu ba, akwai mai raɗawa cewa don mu Hausawa ne aka wulaƙanta shi. Ba mu ce raini ba ya aukuwa ba. Mun sha ganin tsohuwa tana bayanin ciwonta da guntun Larabci, ana amsa mata ba a ko ɗago kai ba, kuma bayan abin da ya sami 'yan'uwanmu a Damazin da Rusairis a 2022, ba wanda zai zarge mu da yawan zargi. Sai dai zato ba hujja ba ne, kuma idan muka mayar da kowace mutuwa maganar ƙabila, mun ba mai sakaci na gaskiya mafaka, domin za a bar binciken fayil a koma rarrashin ƙabilu. 'Ya'yanmu ma da suka karanta likitanci a Jami'ar Jazira da sauran wurare suna duba 'ya'yan wasu, kuma ma'aunin da muka auna wa baƙo da shi za a auna musu.

Hanya ta uku tana nan, ba mu saba da ita ba ne kawai. Majalisar Likitoci ta Sudan tana karɓar koke a rubuce, likitoci masana su duba fayil, kuma tana da ikon gargaɗi, da dakatarwa, da soke suna. Mu a zaure ba mu da ilimin da za mu ce wannan jinin ya kamata a tsayar da shi cikin minti kaza, kuma kuskure ne mu yi sulhu kafin masu ilimin su yi magana, kamar yadda muka yi a shari'ar da muka ambata. Mun sasanta mutane, amma ba wanda ya tambayi asibitin dalilin rashin jini, don haka ba abin da ya sauya a cikinsa sai likitan da ya rasa.

Su ma likitoci muna da magana da su. Abin da ya sanyaya zuciyar mijin matar nan ba rantsuwa ba ce, ba kuma kuɗi ba ne, zuwan likitan ne da faɗar abin da ya faru. Asibitocin Jami'ar Mishigan a Amurka sun ɗauki wannan hanya tun 2001: in an yi kuskure su faɗa, su ba da haƙuri, su yi tayin diyya, kuma ƙararrakin da ake kai su suka ragu. Mafi yawan waɗanda suka zo mana da niyyar kai ƙara, abin da suke fara cewa shi ne ba wanda ya yi musu bayani. A nemi mai jin Hausa ya tsaya tsakanin likita da tsohuwa kafin a dangwala mata yatsa a takardar yarda da aiki. Wannan bai buƙatar kasafin kuɗi.

Yanzu ga inda muke. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya ci Madani a ƙarshen shekarar, ya iso Sinja da Suki a 2024, asibitoci da yawa sun rasa kayan aiki da ma'aikata, kuma waɗanda suka tsaya ko suka dawo suna aiki da abin da bai kai na da ba. Kuskure zai ƙaru, ba makawa, kuma maganarsa za ta zo zaure. Shawarar da muka kai gaban dattawa ita ce, duk ranar da ta zo, kafin a kira ajawid, a fara neman kwafin fayil ɗin mamaci, a rubuta koke zuwa Majalisa da sunan iyalan, a sanya sunan hukumar asibitin tare da na likitan, a kuma aika mutum biyu masu furfura su zauna a ƙofar asibitin har samari su watse. Dattawa sun ce za su duba maganar bayan girbin dawa.