Kafin ka kama gida a tsohon filin masana'anta



Duk wanda ya san Maiduguri ya san yadda gari ya cim ma wuraren da a da ake kira bayan gari. Pompomari, hanyar Baga, kewayen tashar jirgin ƙasa da aka buɗe a 1964: nan ne wuraren masana'antu da rumbunan ajiya da gareji, yau ga gidaje masu tayil da sabon fenti a jikinsu. Ba laifi ba ne. A Landan ma tsohuwar tashar lantarki aka mayar gidan zane-zane na Tate Modern a shekarar 2000, gidajen da ke kusa da ita kuma sai mai hannu da shuni. Amma can sai an auna ƙasar wuri kafin a yi gini, in ta gurɓata a kwashe ta. Sun koyi darasi ne daga irin abin da ya faru a Love Canal ta Amurka a 1978, inda aka kwashe ɗaruruwan iyalai daga unguwar da aka gina a kan juji na sinadarai. Mu kuwa tambayarmu ba ta wuce kuɗin haya da ko ana samun wuta.

Abin da ya fi damuna shi ne dalma. Ba ta ruɓewa, ba ta da wari. Inda aka taɓa fasa batir, ko narka ƙarfe, ko fentin mota, tana nan cikin ƙasa ko da an share shekara talatin. Kai babba kana wucewa da takalmi, ɗanka kuwa yana rarrafe, ya damƙi ƙasa ya kai baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma babu adadin da za a ce ba ya cutarwa. Mun ga ƙarshenta a Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, inda yara kusan 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gida.

Wancan mai yawa ne a lokaci guda. Na cikin gari a hankali yake zuwa: yaro ya daina cin abinci, ciwon ciki, bayan gida ya yi tauri, jini ya yi ƙasa, ga rigima, karatu ya ƙi shiga. Sai uwa ta zo kyamis neman maganin ƙarin jini ko na tsutsar ciki, a sha kwalba uku ba canji. 'Yar'uwa, in haka ta faru, ki kai shi asibiti, ki gaya wa likita irin wurin da kuke zaune, ki nemi a auna dalma a jininsa. Akwai maganin da ke fitar da ita, amma likita ne ke ba da shi bayan gwaji, kuma ba ya gyara ɓarnar da ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. (Tunda ana maganar, baƙin kwallin dutse da muke ranɗa wa jarirai shi ma dalma ce. A bar shi.)

Maigida, kafin ka biya, tambayi dattawan unguwa me ake yi a filin a da. Dillali ba zai faɗa maka ba. In majema ce ko gareji ko wurin 'yan gwangwan, a ɗebi ruwan rijiyar a kai gwaji, musamman bayan ambaliyar Satumban 2024 da ta kwashi dattin wani wuri ta zube a wani. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma.

In kun riga kun tare, a dafe tsakar gida da siminti, a riƙa goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci. Kada a shuka alayyafo a ƙasar wurin. Tsohon rufin asbestos kuma kada a fasa shi ko a yanka, ƙurarsa ce ke lalata huhu. A ba yara wake da hanta da zogale da nono, domin jikin da ya rasa sinadarin ƙarfe ya fi saurin ɗaukar dalma.