Buɗaɗɗiyar Wasiƙa zuwa ga Majalisar Dokokin Jihar Kano

Ranka ya daɗe Shugaban Majalisa da sauran 'yan majalisa,

A watan Nuwamban 2015 gobara ta tashi da dare a ɗakin kwanan makarantar 'yan mata ta Jogana da ke ƙaramar hukumar Gezawa, ɗalibai 7 suka rasu. A Fabrairun 2025 wuta ta kashe almajirai 17 a Ƙauran Namoda. Duk da haka, ku zaga makarantun ƙauyukan Dambatta, Makoɗa da Kunchi ku tambayi yaro inda zai nufa idan wuta ta kama. Aji ya cika maƙil, ƙofa ɗaya ce, tagogi an datse su da ƙarfe saboda ɓarayi, motar kashe gobara kuwa sai ta taso daga nesa.

Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar tsaron makarantu a 2021, amma manufa ba ta hukunta wanda ya yi biris da ita. Doka muke roƙo. A wajabta atisayen fita sau ɗaya kowane zango, a rubuta ranarsa, jami'in ilimi ya sa hannu. Makarantun kwana su yi nasu da dare, domin cikin duhu ake turmutsitsi. Ƙofa ta riƙa buɗewa waje, a ware filin taruwa inda za a kira suna. Tsangayu da Islamiyyu su shiga ciki, ta hannun malamansu da dagatai, musamman lokacin hunturu da ake kwana kusa da wuta.

Wassalam.
Wani uba daga karkarar Dambatta