A Hau Babur A Ga Ƙasa

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wadda ya kamata mu baje ta a wannan fili. Mu ɗaliban jami'a, waɗanda gobe za a damƙa wa ragamar ofisoshi, mun san titunan Landan da Dubai ta wayar hannu, amma in aka ce mu nuna Gembu a taswira sai mu yi ta sosa ƙeya. To, yaya mutum zai yi wa ƙasa aiki alhali kuwa bai san ta ba?

Wannan tunani ne ya sa mu biyar muka ɗaure tanti da barguna a bayan babura uku, a hutun Disamba na 2023, muka nufi Tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Daga Jalingo muka bi ta Bali da Serti, inda hedkwatar Gandun Dajin Gashaka-Gumti take, watau gandun da ya fi kowane girma a Nijeriya. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar nan, mai mita 2,419. Daga Mayo Selbe hawa ya fara, hanya tana ta murɗewa, dutse a wannan hannu, kwazazzabo a wancan. Da muka kai bisa, wajen mita 1,600 sama da teku, sai ga tuddai shimfiɗe iyakar ganin ido, ga garkunan shanu, ga gonakin shayi na Kakara, ga kuma sanyin da ya sa haƙoranmu kaɗawa. Lalle gani ya kori ji.

Wani zai ce, me ya hana ku shiga mota? Amsa ita ce, mai mota wucewa yake yi, mai babur kuwa tilas ya tsaya. Kowane ramin hanya a ƙugunsa yake jin sa. Zai zauna wurin mai faci, ya sha shayi tare da 'yan kasuwa, ya sayi mai a kwalba. Haka nan mai kwana a tanti ba ya kafa shi sai ya yi sallama da jauro ko mai unguwa ya nemi izini, kuma daga nan hira ke ɓarkewa. A bakin wuta muka ji yadda Mambila da Kaka da Fulani suke zaune, da yadda batun gona da makiyaya yake haɗa su, yake kuma raba su. A nan ne ƙuri'ar raba gardama ta 1961, wadda ta shigo da wannan yanki cikin Nijeriya, ta tashi daga darasin tarihi ta zama labarin kakannin masu masaukinmu. A nan kuma muka ji yadda ake ambaton aikin wutar lantarki na Mambila, wanda aka amince da kwangilarsa ta megawat 3,050 a 2017 amma bai fara ba da wuta ba. Ma'aikacin da ya kwana cikin wannan sanyi, in fayil ɗin hanya ko asibitin karkara ya zo teburinsa, da wuya ya jefa shi cikin durowa ya manta.

Mun san akwai masu ganin babur abin hawan ɗan acaɓa ne, bai dace da mai digiri ba. Waɗannan muna tausaya musu, domin girman kai rawanin tsiya ne. Masu maganar haɗari kuwa suna da gaskiya, kuma ba za mu raina ta ba. Akwai hanyoyin da rashin tsaro ya hana bi, akwai kuma wuraren da hukuma ta taƙaita hawan babur, saboda haka tambaya ita ce guzurin farko. Kada a yi tafiyar dare, kada a tafi da damina, kada mutum ya tafi shi kaɗai, kada kuma a hau ba hular kwano. A bisa dutse iska ba ta da kauri, don haka inji yakan rage ƙarfi, sai a yi haƙuri da shi. Wajen gangara a sa ƙaramar giya, gama wanda ya dogara ga birki kaɗai zai sa ya yi zafi ya daina kamawa. Ɗayanmu ya koyi wannan darasi da fatar gwiwarsa. A riƙe filogi da tub da famfo da sifana, kuma kada a shiga gandun daji sai da izini da rakiyar ma'aikatansa. Sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai da su tsakuro wani abu daga kuɗin da ake kashewa wajen liyafa da kaɗe-kaɗe, a sayi tantuna da akwatin taimakon gaggawa, a kafa kulob na matafiya, a kuma nemi makanike ya koya wa membobi gyara kafin a tashi. 'Yan'uwanmu ƙananan ma'aikata, ku ma hutunku na shekara ya ishe ku zuwa da dawowa. Takardar digiri za ta ba mu kujera, amma sanin mutanen da za mu yi wa aiki sai mun taka mun je inda suke. Allah Ya kai mu lafiya, Ya komo da mu lafiya, amin.