Ƙaramar jami'a da babban zauren ƙwallo: a gina ko a dakata?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwance dilar gwanjo da ta taso daga Kotonu, ko a Gaya yake ko a Maraɗi ko a Jibiya, ya san rigunan nan marasa hannu masu ƙatuwar lamba gaba da baya, waɗanda aka rubuta wa Duke ko Kentucky ko Butler ko Gonzaga a ƙirji. Samari na rububinsu, amma da yawa ba su san cewa waɗannan sunayen jami'o'i ne na ƙasar Amurka ba. A can ƙwallon kwando na ɗalibai babbar harka ce, domin gasar da hukumar NCAA ke shiryawa kowane watan Maris kaɗai tana kawo mata wajen dala miliyar 1 a shekara daga gidajen talabijin. Kuma in na ce dala a nan, ta Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba.

Wannan kuɗi ne ya haifar da wata gardama da ba ta ƙarewa a ƙananan jami'o'in ƙasar. Sai ka ga makarantar da ɗalibanta ba su wuce 3,000 ko 5,000 ba, shugabanninta sun fito da zanen wani katafaren zauren wasa da suke son ginawa a harabarta, suna cewa in ba a gina ba ƙwararrun ƴan wasa ba za su zo ba, mai horarwa zai gudu, masu talabijin kuma ba za su leƙo ba. Malamai su ce a'a, ɗakin karatu na yoyo, albashi bai ƙaru ba. Na kawo maganar wannan shafi ne domin tambaya ce da kowane mai rumfa ya sani: shin shago ke kawo ciniki, ko ciniki ke gina shago? Kuma in za a gina, da kuɗin wa? A nawa ra'ayin, mafi yawan waɗannan makarantu ba sa bukatar sabon zaure, kuma misalin da suke kafa hujja da shi, in aka duba shi da kyau, su yake kayarwa.

Misalin shi ne Gonzaga, wata jami'a ta ƴan mishan da aka kafa a 1887 a birnin Spokane, can arewa maso yammacin Amurka. A ƙarshen shekarun 1990 makarantar na cikin matsin kuɗi, sabbin ɗaliban da ta ɗauka a 1998 wajen 550 ne kawai. Ƙungiyarta ta ƙwallon kwando tana wasa ne a wani tsohon zaure da aka buɗe tun 1965, mai ɗaukar mutum wajen 4,000. To daga cikin wannan tsohon zaure ne, a watan Maris na 1999, yaran suka fita suka doke Minnesota, suka doke Stanford, suka doke Florida, har suka shiga sahun ƙungiyoyi 8 na ƙarshe a duk ƙasar, kafin Connecticut, wadda ta ci kofin a waccan shekara, ta fitar da su da ƙyar. Mutanen da ba su taɓa jin sunan makarantar ba suka soma tambayar a ina take. Cikin shekara 3 sabbin ɗalibai suka haura 900.

Mai karatu ya lura da yadda abubuwa suka biyo juna. Sabon zauren, wanda ake kira McCarthey, sai a ƙarshen 2004 aka buɗe shi, wato bayan shekara 5 ana cin nasara a jere, bayan tsohon ya cika ya batse har ana mayar da mutane daga bakin ƙofa. Mai horarwar da ya kai su ga nasarar 1999, Dan Monson, bai jira wani gini ba, a wannan shekarar ya koma jami'ar Minnesota inda aka fi biya. Mataimakinsa Mark Few ya karɓa, ya kuma zauna fiye da shekara 25, kuma daga 1999 har zuwa 2025 ba a yi gasar NCAA babu Gonzaga a ciki ba. Sau biyu suka kai wasan ƙarshe, a 2017 da 2021. Ɗan wasa irin Ronny Turiaf na ƙasar Faransa tun 2001 ya zo, lokacin ko harsashin sabon zauren ba a haƙa ba. Daga baya aka samu su Rui Hachimura, wanda mahaifinsa mutumin Benin ne, mahaifiyarsa kuma ƴar Japan, da Oumar Ballo ɗan ƙasar Mali. Abin da ya jawo waɗannan yara daga nesa shi ne mai horarwa da ba ya canzawa, da mataimakan da suka san hanyoyin neman ƴan wasa a ƙasashen waje, da kuma tabbacin za a gan su a talabijin cikin Maris.

Sannan a dubi abin da suka gina. Kuɗinsa dala miliyan 25, wajen sefa miliyar 13 ke nan a canjin wancan lokaci, kuma masu hannu da shuni da ke ƙaunar makarantar sun sa hannu sosai, musamman iyalan McCarthey waɗanda aka sa wa ginin sunansu. Kujerunsa 6,000 ne cif. A lokacin da kowa ke yi musu kirari, da sun ce za su gina mai 12,000 ba wanda zai ce sun yi hauka, amma suka tsaya daidai ruwa daidai tsaki. Sakamakon haka, fiye da shekara 20 ke nan da wuya ka ga kujera babu kowa a wasan maza, ɗalibai har tanti suke kafawa cikin sanyi su kwana a layi don su samu wuri a manyan wasanni. Duk wanda ya taɓa sayar da siga ko shinkafa lokacin da kaya suka yi ƙaranci ya san ma'anar wannan: tikitin da ake wahalar samu shi ke da daraja, mai shi kuma ba ya sakinsa baɗi. In kuma wasa ya fi ƙarfin zaurensu, akwai na birnin Spokane mai ɗaukar wajen 12,000, sai su koma can, kamar yadda suka yi a 2022 da Kentucky ta zo.

Saboda haka duk shugaban jami'ar da ya ce a gina domin a zama kamar Gonzaga, ya ɗauki labarin ta wutsiya.

Yanzu a zo ga lissafi. Kakar ƙwallon kwando daga Nuwamba take zuwa Maris, kuma ƙungiya kan yi wasa 15 zuwa 17 ne a gida. In an haɗa da na mata, a ce dare 30 da ƴan kai. Wannan bai kai kashi 1 cikin 10 na kwanakin shekara ba. Sauran kwanakin fa? Wutar lantarki, ɗumama ɗaki lokacin hunturu, masu gadi, masu shara, inshora, gyaran rufi, babu wanda ke tafiya hutu a cikinsu. Masu son gini kan ce za a riƙa ba da haya ga mawaƙa da masu taro da bikin yaye ɗalibai. Haka mai gina mangaza kan ce wa kansa, kafin ya gano cewa maƙwabcinsa ma ya gina, kuma ƴan hayan ba su ƙaru ba. Babban mawaƙi zauren birni zai nufa, inda akwai wurin ajiye motoci da otal a kusa.

In kuɗin tikiti bai rufe ba, giɓin yana da inda yake faɗawa. A jami'o'i da dama na Amurka akwai wani kaso da ake ɗora wa kowane ɗalibi a cikin kuɗin makaranta da sunan wasanni, ko yana zuwa kallo ko ba ya zuwa. Yarinyar da ke karatun aikin jinya da bashin banki, tana aiki a gidan abinci da dare, ita ma tana biyan kuɗin zauren da ba ta da lokacin shiga. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a cikin maganar gaba ɗaya, domin waɗanda ke yanke shawarar a ci bashi na shekara 30 galibi ba sa kai shekara 10 a kan kujerunsu.

Akwai kuma waɗanda suka nuna cewa tsohon ɗaki ba ya hana cin kofi. Jami'ar Butler da ke Indianapolis, mai ɗalibai wajen 5,000, ta kai wasan ƙarshe na ƙasa sau biyu a jere, a 2010 da 2011, alhali zaurenta na Hinkle tun 1928 aka gina shi. Da kuɗi suka samu ba su rushe shi ba, gyara suka yi masa wanda aka kammala a 2014, har ma suka rage yawan kujerun zuwa 9,100. Ita kuwa Duke, wadda kuɗi ba su ne matsalarta ba, ta ci kofin ƙasa sau 5 tana wasa a zauren da aka buɗe a 1940.

Ban ce gini ba shi da amfani ko kaɗan ba, kuma masu ra'ayin a gina suna da hujja guda mai ƙarfi. Ƙungiyar da ba ta da ɗakinta kamar ɗan tebur ne da ke raɓe a ƙofar shagon wani. Kwalejin St. Francis da ke Brooklyn a birnin New York ta bar tsohon mazauninta a 2022 ta koma wani gini da babu wurin wasa a cikinsa, ƴan wasanta suka koma aron zauren wata makaranta, kuma a 2023 ta rufe dukkan harkar wasanni. Haka nan zauren haya da ke nesa da makaranta, ɗalibai ba sa zuwa, kuma mutum 2,000 a cikin wuri mai ɗaukar 12,000 kamar zaman makoki suke a talabijin. To amma abin da wannan ke nunawa shi ne ƙungiya na bukatar ɗaki nata a cikin makaranta, mai rufin da ba ya yoyo, da wurin atisaye mai kyau. Wannan kuwa gyara na iya samar da shi da kaso kaɗan na kuɗin sabon gini.

Kuma ko gyaran ba ya ɗaure kowa. Jami'ar Saint Peter's da ke jihar New Jersey ta gyara ƙaramin zaurenta a 2021 da kyautar dala miliyan 5 daga wani tsohon ɗalibinta. A Maris na 2022 ta girgiza ƙasa, ta doke Kentucky da Purdue ta shiga sahun 8 na ƙarshe, irin abin da Gonzaga ta yi. Ba a yi mako guda da fitar da ita ba mai horarwarta Shaheen Holloway ya koma Seton Hall, manyan ƴan wasanta kuma suka watse zuwa wasu makarantu. Ita kuwa jami'ar Hartford a Maris na 2021 ta shiga gasar NCAA ta maza karo na farko a tarihinta, bayan wata 2 hukumar makarantar ta yanke shawarar sauka daga rukuni na 1 zuwa na 3, inda ba a ba ɗalibi gurbin karatu kyauta saboda wasa, bayan wani rahoto ya nuna harkar wasanni na cinye mata wajen dala miliyan 13 kowace shekara.

Bugu da ƙari, kasuwar da Gonzaga ta yi gini a cikinta a 2004 ta tashi. A wancan zamani doka ta hana a biya ɗalibi ɗan wasa ko sisi, don haka makarantu ke zuba kuɗin a gine-gine domin su burge yaro ɗan shekara 17 ranar da ya zo ziyara. Daga 2021 aka ba ƴan wasa damar karɓar kuɗin talla da sunansu, aka kuma sauƙaƙa musu sauya makaranta ba tare da zaman shekara guda babu wasa ba. A watan Yuni na 2025 wata kotu a Kalifoniya ta amince da sulhun da ya ba kowace makaranta damar biyan ƴan wasanta kai tsaye, har zuwa wajen dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko. Yaron da ya zo ziyara yau zai kalli fitilu da kujeru, ya yaba, sannan ya tambayi nawa za a ba shi. Attajiran da ke tallafa wa ƙaramar jami'a kuwa ba su da yawa, su ɗin dai ne ake bi, kuma kuɗin da suka ba da na siminti ba za su sake ba da shi na ƴan wasa ba. Makarantar da ta ƙare ƙarfinta a gini za ta wayi gari da shago mai tayil da gilashi, kanta kuwa babu kaya.

Wanda ya kamata a zuba wa ido yanzu shi ne jami'ar St. Thomas da ke St. Paul a jihar Minnesota. A 2019 takwarorinta na rukuni na 3 suka nuna mata ƙofa saboda ta fi ƙarfinsu, a 2021 ta yi tsalle ɗaya zuwa rukuni na 1. A farkon 2023 wani attajiri da matarsa, Lee da Penny Anderson, suka ba ta kyautar dala miliyan 75 don gina zauren ƙwallon kwando da wasan hoki na kan ƙanƙara, aikin da aka ƙiyasta zai ci dala miliyan 175. Maƙwabta suka kai ƙara kotu kan cunkoson motoci da muhalli, amma aka ci gaba da aiki har aka buɗe shi a ƙarshen 2025, da kujeru 5,000 da wani abu. Ta yi daidai wajen girman ginin, kuma wasa biyu a ɗaki guda na ƙara yawan dararen da ake kunna fitila. Sai dai kyautar ba ta kai rabin kuɗin ba, kuma ta yi ginin ne kafin ta taɓa buga ko wasa guda a gasar NCAA ta rukuni na 1. Daren buɗewa kowane zaure cika yake yi. Wanda ke son sanin ko cinikin ya faɗa sai ya dawo bayan shekara 5, a wani daren Alhamis na watan Janairu da ƙanƙara ta rufe hanya, lokacin da baƙuwar ƙungiya ta fito daga jihar Dakota, ya ƙirga kujerun da ke da mutane a kai.