Ra'ayinmu: A horar da shugabannin gari kan sufuri, amma a fara daga ƙofar kasuwa

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Dole ranar Alhamis ya san ba farashin kaya kaɗai ke cin ribar ɗan kasuwa a Damagaram ba. Hanyar da kayan ke bi kafin su iso rumfa ma tana cin rabonta. Ɗauki misalin mace guda da ta taso daga Dakusa tun da asuba da buhun wake da kaji biyar. Za ta tsaya bakin hanyar Tanut jiran mota, ta biya kuɗinta da na buhu. Motar ta sauke ta a tasha, nesa da inda take kasa kaya, sai ta nemi mai amalanke ko adaidaita, ta sake biya. In hanya ta cunkushe da manyan motoci, ba za ta iso ba sai hantsi ya yi nisa, masu sari sun riga sun saya wurin wasu. Kafin ta sayar da tiya ɗaya, ta biya sau biyu ko sau uku.

Wannan ita ce matsalar da masana ke nufi idan suna maganar haɗaɗɗen tsarin sufurin birni. Ma'anarsa ba ta da wuya: a zauna a dubi motar ƙauye, da tasha, da taksi, da kabu-kabu, da adaidaita, da amalanke, da mai tafiya a ƙasa, da wurin da kasuwa da lakwal da likita suke, a tsara su tare kamar jiki ɗaya, maimakon kowane ofishi ya riƙa yanke hukunci shi kaɗai. Fiye da shekara goma ke nan da Bankin Duniya ya soma wani shiri na horar da shugabannin birane a kan wannan fanni, inda ake nazarin abin da ya faru a wasu garuruwa, a kuma fita a ga hanyoyi da ido. Mu a wannan shafi muna goyon bayan a ba shugabanninmu irin wannan horo, domin gari ya girma. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen birnin Damagaram sun haura dubu 300, kuma tun daga lokacin unguwanni sai ƙaruwa suke yi. Bugu da ƙari, tun da aka buɗe matatar man SORAZ a 2011, tankokin mai suka ƙaru a kan hanyar da mutanen Dakusa ke bi su shigo gari.

To amma akwai sharuɗɗa, in ana son horon ya amfani talaka.

Na farko, a koyi darasi daga maƙwabta. A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur saboda dalilan tsaro. Mutane ba su daina fita nema ba, sai adaidaita sahu ta cika gari, cunkoson ya sake kama. A ƙarshen 2022 aka yi yunƙurin hana adaidaitar bin wasu manyan tituna, amma ba a je ko'ina ba aka janye, saboda motocin da za su maye gurbinta ba su wadata ba. Hani ba tare da madadi ba, talaka ne ke ɗaukar nauyinsa. A Legas kuwa, da aka fara manyan bas masu layinsu na musamman a 2008, an jawo ƙungiyar direbobi cikin aikin tun daga farko. A Dakar an kafa hukumar tsara sufurin birni tun 1997, aka haɗa masu tsofaffin motoci cikin ƙungiyoyi, aka taimaka musu suka sabunta motocinsu, sannan a 2024 aka fara bas masu aiki da lantarki. Ba muna cewa Damagaram ta yi gogayya da Dakar ba ne. Abin lura shi ne, can sai da aka shirya da masu sana'ar kafin a taɓa hanya.

Na biyu, kada horon ya tsaya kan mai riƙe da kujera. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a duk faɗin Nijar, aka naɗa kantomomi. Duk magajin garin da ya koyo wani abu kafin wannan rana, ya tafi gida da iliminsa. Saboda haka wajibi ne a haɗa da ma'aikatan dindindin na ma'aikatar magajin gari, da ƴan sandan da ke kula da hanya, da shugabannin tashoshi, domin su ne ke nan ko an canza shugaba.

Na uku, tsarin bai kamata ya ƙare a iyakar birni ba. Dakusa tana gundumar Takeita, tana da hukumarta daban, amma hatsinta da dabbobinta da mutanenta Damagaram suke nufa. Idan aka horar da na birni aka bar na karkara, an gyara rabin hanya ke nan. A zaunar da su teburi guda, su daidaita inda motocin ƙauye za su tsaya da lokacin da manyan motoci za su ratsa gari.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci a wurinmu, a saurari ƴan kasuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2018 shirin Zinder Sabuwa ya kawo kwalta da fitilu, mun gani kuma mun yaba. Sai dai kwalta ba ta faɗa wa direba inda zai sauke kaya, ba ta kuma ware wa mai tura amalanke gefensa. Macen da ke kasa tumatir a bakin titi ba don tana son ƙura da hayaƙi take zaune can ba, can ne mai saye ke sauka. In aka kore ta ba a dubi inda ƙafar jama'a ke bi ba, bayan kwana uku za ta dawo, ko kuma jarinta ya karye.

Ku ma ƴan kasuwa, iyayenmu mata da maza, akwai naku. Kuna biyan tikitin kasuwa da sauran haraji, don haka kuna da bakin magana. Ku sa shugabannin ƙungiyoyinku su rubuta buƙatunku a takarda: wurin sauke kaya kusa da kowace babbar ƙofa, lokacin shigowar manyan motoci da ba zai haɗu da cikar kasuwa ba, rumfa da makewayi a tasha saboda mata masu goyo, da farashin dako da kowa ya sani. Ku kai wa hukuma, ku nemi amsa. Amma kuma ku daina baza kaya har tsakiyar titi, domin wanda ya tare hanya ba shi da hujjar kukan cunkoso.

Muna kira ga hukumomin jihar Damagaram da cewa duk jami'in da aka tura horo, in ya dawo, ya zo ya yi wa jama'a bayani da Hausa a gidan rediyo da cikin kasuwa: me ya koyo, me za a fara, kuma yaushe. Ranar da matar Dakusa za ta iso rumfarta da wuri, kuɗin motarta bai cinye ribar wakenta ba, ranar ce za mu ce horon ya yi amfani. Allah ya ba shugabanninmu ikon sauraro, ya sa albarka a kasuwanninmu.