Share manhajoji da yatsa ba ya ƙara wa batir kwana

A Daura da sauran garuruwan masarautar, irin su Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure, ba kullum ake samun wuta ba, shi ya sa matashi ke lissafin cajin wayarsa kamar kuɗin aljihu. Daga nan ne wata ɗabi'a ta samu gindin zama: da zarar an gama da WhatsApp ko TikTok, sai a buɗe jerin manhajoji a share su kaf da yatsa. Ana ɗaukar hakan tattali ne, alhali sau da yawa ɓarna ce.

Akwai bambanci tsakanin dakatar da manhaja da kashe ta, kuma masu kwamfuta sun daɗe da sanin haka. A tsarin Linux, idan mutum ya danna Ctrl+Z, shirin da ke aiki zai tsaya cak. Idan ya rubuta fg, sai ya ɗora daga inda ya tsaya. A Windows ma ana iya yin haka ta Resource Monitor. Shirin da aka dakatar yana nan ajiye a RAM, amma ba ya wahalar da injin.

An gina Android a kan Linux, kuma da ita da iPhone duk suna dakatar da yawancin manhajojin da aka fita daga cikinsu, ba tare da an umarce su ba. A 2015 Google ya ƙara tsarin Doze a Android 6.0, wanda ke taƙaita aikin manhajoji idan an ajiye waya. A 2016 kuma Craig Federighi na Apple da Hiroshi Lockheimer na Google, kowanne ya bayyana cewa share manhajoji ba ya taimakon batir.

Mai shayi ya fi kowa gane wannan. Idan ciniki ya lafa, toka yake turawa kan garwashi, ba ya zuba masa ruwa, domin sake hura wuta ya fi cin gawayi. Haka manhajar da aka kashe: sai ta sake loda komai daga farko, ta ci caji, wani lokaci har da data.

Asarar ba ta tsaya a batir ba. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Daura na iya rasa fom ɗin da ya kusa cikewa saboda share guda. Mai POS kuwa da ya danna Force stop a kan manhajar banki, ba zai ga sanarwar shigowar kuɗi ba har sai ya sake buɗe ta.

Kashewa tana da ranarta: idan manhaja ta daskare, ko tana sa waya zafi ba dalili. Ko a ƙaramar waya mai RAM 2GB, tsarin da kansa yake rufe abin da ya kamata idan wuri ya ƙure, don haka manhajojin da ke tallar "wanke waya" ƙarin kaya ne kawai.

Wanda ke son cajinsa ya kai dare, gara ya rage hasken allo, ya rage kallon bidiyo, ya kashe data a inda sabis ke da rauni, sannan ya leƙa sashen batir a saitin waya ya taƙaita manhajar da ta fi ci.